Takardar da Rana Ta Riga Ki Gani

Zuwa ga Safara'u, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, farin watan da ya koma Maraɗi ya bar Jibiya tana lalube, ma'abociyar farin mayafi mai bakin leshi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da Inna da duk mutanen gida. Sunayen nan da na jera miki a sama ba aronsu na yi ba, ni na zauna na tsara su, har na soke guda biyu da na ga sun yi yawa. Idan kin tambayi tawa lafiyar, ina cin abinci, ina buɗe shago, ina sayar da sarƙar babur da fulogi kamar yadda kika bar ni. Ban sani ba ko wannan shi ake kira lafiya.

Ni ne Rabe, mai kayan babur na bakin tashar Jibiya. Na faɗi haka ne don ta yiwu kin goge sunan daga wayarki, kuma idan kin goge ba ki yi laifi ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki karanta har ƙasa kafin ki yaga. In kin kai ƙarshe kina son yagawa, takardar ba ta da kauri, da gangan na zaɓe ta haka.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, ita ce wadda na kasa faɗa tun farko: ina so ki ba ni izini in turo magabatana wurin Baba. Sai dai tsakanina da wannan magana akwai wani shirme da ya faru a hanya, wanda ba ki san da shi ba, ni ma ban sani ba sai shekaranjiya. Zan faro daga farko, ba don kin manta ba, sai don ni idan na tsallake farko rikicewa nake.

Kin san yadda aka yi na shiga ajin koyon hoton nan da wata ƙungiya ta buɗe a firamare lokacin hutu. An ce mini za a raba kyamara a ƙarshe. Ba a raba ba. Kyamara ɗaya ce tal a ajin, ita ma tana rataye a wuyan malaminmu, Malam Dalhatu, tun safe har azahar, in ɗalibi ya matso kusa sai ya dafe ta da hannu. Ke kuwa kin taso takanas daga Maraɗi, kin sauka gidan Inna Salmatu ƙanwar mahaifiyarki, don ki koyi ɗaukar hoton ɗinkinki yadda zai yi kyau a waya. Ranar farko kika tambaya ko akwai mai bik, rabin aji suka miƙo biro. Nawa ba ya rubutu, shi ya sa ban miƙa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da Malam ya ga kyamara ba za ta zagaya ba, sai ya ce zai fara koya mana hoton rana, wanda ba ya buƙatar kyamara, ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar caji. Magani ne kala biyu a kwalba. A haɗa su daidai wa daida, a shafa wa takarda da burushi a ɗaki mai duhu-duhu, a bar ta ta bushe, ta yi launin ɗanyen lemon tsami. Daga nan kada rana ta gan ta sai an shirya. Sai a ɗora mata abin da ake so, ganye ko mabuɗi ko mataji, a danne da gilashi, a fitar tsakar rana, a jira gwargwadon yadda za a dafa shayi a sha. In takardar ta koma ruwan toka, a tsoma ta a baho a ɗauraye. Duk inda rana ta taɓa ya zama shuɗi irin na marina, inda abin ya rufe kuwa ya fito fari tas. Ranar da na fara gani na ce a raina, Malam dai ya samo hanyar da zai ƙare kwas ba tare da kowa ya taɓa masa kyamara ba. Har yanzu ban canza ra'ayi ba, sai dai ina sa shi a addu'a.

Da aka ce kowa ya kawo abin da zai ɗora, mata suka kawo ganyen zogale da furanni da guntun leshi, ke kika zo da almakashi da zare. Ni na kawo sarƙar babur da sifana, domin su ne da ni. Aka yi dariya. Ke ba ki yi ba. Kika tsaya kika duba, kika ce sarƙar za ta fi kyau idan aka lanƙwasa ta ta zagaye sifanar. Na lanƙwasa. Wallahi ta fi kyau.

Sarƙa ba ta shiga ƙarƙashin gilashi, saboda haka tawa takardar a ƙasa na shimfiɗa ta a filin makaranta, na danne kusurwoyi da duwatsu, na tsuguna ina gadinta saboda awaki. Sai na ji an tsuguna a gefena. Ban ɗaga kai ba, amma na san ke ce. Rana tana dukan ƙeya, manyan motoci suna gurnani can a hanyar iyaka, wani mai ƙanƙara yana ta kira a bayan katanga, mu muna kallon takarda tana komawa toka kamar an sa mu aiki. Da lokaci ya yi muka tashi muka je baho. Ke kika nuna mini yadda ake girgiza shi a hankali har rawayan ya gama fita, hannunki cikin ruwa, sauran lalle a farcenki. Ga sarƙa ta fito, ga sifana ta fito. A kusurwa kuma, inda ban ɗora komai ba, ga bakin mayafinki fari fat.

Malam Dalhatu da bakinsa ya koya mana cewa abin da ya gifta ba ya fita a hoton rana. Ƙuda ya sauka ya tashi, ba ya fita. Akuya ta ratsa, ba ta fita. Sai abin da ya zauna bai motsa ba har rana ta gama aikinta, kuma in ya motsa ko kaɗan bakinsa dishi-dishi zai yi. Naki ya fito tsaf, ana iya ganin kowace huda ta leshin. Da na nuna miki kika ce taki takardar kike gadi. Safara'u, taki takardar tana can gindin tuta, a ɗaya gefen filin. Na amsa miki da to a lokacin don kada in kunyata ki. Kika ce in bari ki yanke kusurwar da almakashi tunda kin ɓata mini aiki, na ce a bar shi haka. Yana nan manne a shago, masu saye suna tambaya ko sarƙar da ke jiki ta Indiya ce ko ta Sin.

Ya hasken gidan da ban gina ba tukuna, wane irin zama ne wannan? Wace ɗiya ce za ta tsuguna a ranar Jibiya ta tsakiyar bazara, ranar da ke sa kaji buɗe baki, a gefen mai sarƙar babur, ba inuwa, ba hira, ba riba? Me ya hana ki gyara mayafi? Me ya hana ki ko sauya ƙafa? Na yi wa kaina wannan tambaya a shago, na yi ta a masallaci Allah Ya yafe mini, na yi ta a kan babur har na wuce kwanar gidanmu. Amsa ɗaya nake samu kullum, kuma ita ta hana ni sukuni. Ina sonki tun daga wannan rana. Wataƙila ma tun ranar biro ne, amma wannan ita ce mai shaida.

Sai dai kin san halina. Bakina yana aiki a ciniki, mutum zai zo ya taya fulogi in yi ta surutu har ya gaji ya biya. A gabanki kuwa ba abin da ke fitowa sai gaisuwa. A waya ma haka nan: ina kwana, ina gajiya, yaya zafi, yaya Inna Salmatu, yaya zafi kuma. Wata rana na ɗaura niyya sosai, har alwala na yi, na kira ki, na ƙare da ba ki labarin tsadar fetur. Kika saurara har ƙarshe, kika ce Allah Ya kawo sauƙi. Ke kuma ga kunya. Na san ko na tambaya ba za ki buɗe baki ki amsa irin wannan magana ba, ba haka aka rene ki ba.

Shi ya sa ranar da aka rufe aji, da na rako ku tasha ke da Inna Salmatu, na jira ta tafi sayen tsaraba, sannan na gaya miki dabarar da na ƙulla, idona a kan tayar mota. Na ce zan aiko miki da takarda mai magani, ba komai a kanta. Idan kin yarda in turo, ki ɗora mata duk abin da kika ga dama, ko cokali ne, ki shanya, ki wanke, ki maido. Idan ba ki yarda ba, ki shanya ta haka nan, ta dawo shuɗiya gaba ɗaya, zan gane, ba wanda zai ji kunyar wani. Kika ce to. Na koma gida ina ganin tun da aka kafa garin nan ba a yi mai wayo irina ba.

Na roƙi sauran magani wurin Malam, na rufe ƙofar shago na shafa, na jira ta bushe. Na sa ta a baƙar leda, na sa ledar a kwali, na sa kwalin a wata baƙar ledar, na bi da salatif ta ko'ina har sai da ya ƙare. Na kai wa Manu ɗan kawuna, direban hayar Maraɗi, wanda kika sani, mai motar nan da ƙofar baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Na ce masa kada ya buɗe, kada ya bari a buɗe, kada rana ta gani, kada ya gaya wa kowa. Ya tambaye ni mene ne a ciki, na ce ba ruwansa.

Washegari ya tsaya ƙofar shago ya miƙo mini ƙullin yana sosa ƙeya. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu, na shige ciki na kwance. Shuɗiya ce daga sama har ƙasa. Shuɗi mai kyau kuwa, wanda da Malam ya gani sai ya yaba. Na fito na ce wa Manu na gode, saƙo ya iso, na gane. Ya dube ni, ya ce to madalla, ya ja motarsa da sauri fiye da yadda ya saba.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Na tura ƙofa, na zauna bayan galan-galan na baƙin mai, na yi shi a tsanake, sannan na wanke fuska na buɗe saboda ranar kasuwa ce. Da yamma na je wurin Kawu Ahmad, wanda zai jagoranci magabatana, wanda na riga na sa ya kai babbar rigarsa guga, na ce a bar maganar. Goron da na saya 'yan majalisarmu suka cinye, suna yi mini jaje suna tauna.

Abu ɗaya ya rage mini. A kusurwar takardar, can ƙasa ta dama, akwai wani ɗan wuri da shuɗin bai kama sosai ba, siffar babban yatsa. Na ce wannan yatsanki ne. Na ce ta riƙe takardar a rana ta daɗe ba ta saki ba, ke nan ta yi jinkiri, ke nan abin bai zo mata da sauƙi ba. Na lura yatsan yana da faɗi, amma na ce inuwa ce, inuwa takan ƙara wa abu girma. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba. Kowace safiya kafin in fito da kaya sai na buɗe ta na kalli yatsan nan, wani lokaci har in yi masa magana. Na gaya masa abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba.

A cikin kwanakin nan ne kika kira. Na ga sunanki, waya tana rawa a kan tebur, na zuba mata ido har ta gaji. Aka kwana biyu kika sake kira, na sake zuba mata ido. Na ɗauka haƙuri za ki ba ni, ki ce Allah Ya haɗa kowa da rabonsa, ki ce in ɗauke ki kamar 'yar'uwa. Ni kuwa ina da 'yan'uwa mata har sun yi mini yawa. Tsoro na ji, Safara'u, tsoron in ji wannan magana da muryarki. Daga nan kika daina kira, na ce wa kaina shi ke nan, ta sauke nauyi.

Shekaranjiya da safe ina teburin mai shayi, Manu yana gefe yana ba direbobi labari suna ta dariya. Ban saurara ba sai da na ji ya ce baƙar leda. Ga abin da ya faru, kamar yadda ya fito daga bakinsa.

A wani shinge da ke kan hanya masu kaki suka tsayar da shi, suka hango ƙulli a ƙarƙashin kujerarsa, suka ce mene ne. Manu, wanda bai taɓa faɗin gaskiya a shinge ba tun da ya fara tuƙi, ranar nan ya zaɓa ya faɗa. Ya ce bai sani ba, an dai ce kada a buɗe, kada rana ta gani. Aka sauke fasinja kaf. Aka yanke salatif, aka cire leda, aka buɗe kwali, aka cire wata ledar, sai ga takarda ba rubutu. Ogansu, wani ƙaton mutum mai gashin baki, ya shinshina, ya juya ta, ya ɗaga ta saitin rana ko zai ga ɓoyayyen rubutu. Tana hannunsa ta fara sauya launi. Ogan ya kasa ajiye ta, ya miƙar da hannu nesa da jikinsa, ya tsaya a haka yana ta tambayar Manu wa ya aiko shi, kuma wa ake so a yi wa. Wata tsohuwa cikin fasinja ta ce sammu ne, ta taɓa ganin irinsa, a zuba masa ruwa ya karye. Aka kawo buta. Ke kin san abin da ruwa ke yi mata. Da ta rikiɗe ta koma shuɗiya a gabansu, tsohuwar ta kama salati, ogan ya jefa wa Manu takardar ya ce ya ɓace masa da gani, ko lasisi bai tambaya ba. Manu ya ce tun da yake bai taɓa wuce shingen nan da sauƙi haka ba.

Ya isa Maraɗi da jiƙaƙƙiyar takarda, ya ga ba shi da fuskar da zai kai wa mutane ita. Ya shanya ta a gaban mota, ya mayar da ita leda, ya dawo da ita don ya ba ni haƙuri. Ni kuma na tare shi da godiya na ce saƙo ya iso. Sai ya ɗauka duk abin da ake so takardar ta yi, ta yi. Yana gama labarin ya nuno ni da cokali, ya ce ga ma mai kayan nan zaune, a tambaye shi.

Ban zage shi a wurin ba saboda akwai manya. Na ajiye kofi, na kira shi bayan rumfa, na gaya masa ra'ayina game da shi da motarsa. Amma ina cikin faɗan na ji muryata tana sauka, don na tuna wanda ya yi naɗin. A Jibiya aka haife ni, a bakin wannan hanya na yi wayo. Tun ina yaro na san buhun gero ma sai an soka masa ƙarfe an ga cikinsa kafin ya wuce. Amma ni na naɗe abu a baƙar leda biyu, na danƙa wa direba, na ce kada a buɗe, na koma shago ina murmushi. So ne ya yi mini haka, ina so ki sani ba haka nake tun asali ba.

Yatsan kuwa, kin riga kin gane na wane ne. Na tambayi Manu ta ina ogan ya riƙe, ya ce ta ƙasa, gefen dama. Takardar ta bar aljihuna, yanzu da ita na tokare ƙafar tebur, kuma ba na so a sake tayar da maganar.

Duk wannan ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya fi shi ne da na zauna na duba al'amarin ta wajenki. Wani ya tsaya a tasha ya ce zai aiko da takarda. Kika ce to. Kika koma gida kika jira. Mota ta zo daga Jibiya, ba takarda. Wata ta zo, ba takarda. Kika danne kunya, ke da ba ki taɓa fara kirana ba, kika kira, ba a ɗaga ba. Kika sake dannewa kika sake kira. Me za ki ce a ranki? Wane suna za ki sa wa irin wannan mutum? Ni na san sunan, kuma da wani ne ya yi wa ƙanwata haka da na tare shi a hanya. Wataƙila har kin zaɓi abin da za ki ɗora kin ajiye shi gefe guda. Wataƙila ba ki zaɓi komai ba, kin shirya shanya ta haka nan. Ban sani ba, kuma rashin sanin nan ya fi shuɗiyar takardar zafi, domin ita aƙalla na ɗauka amsa ce. Tun daga bayan rumfar mai shayi na fara kiranki har cajina ya ƙare, ba ki ɗaga ba. Ban ga laifinki ba, ni na fara.

Jiya na je gaishe da Inna Salmatu. Ta amsa gaisuwa tana tsintar shinkafa, ba ta ce a ba ni tabarma ba. Na ba ta labarin duka, har da na yatsan, don ta ga ban rage komai ba. Ba ta yi dariya ba sai da ta shiga ɗaki, amma na ji. Da ta fito ta gaya mini akwai wani Lawal mai shagon waya a Maraɗi da ya fara sallama a ƙofar gidanku, kuma mutanensa sun nemi a ba su ranar zuwa bayan Juma'ar nan. Ta ce Baba ya ce magana tana wurinki, ke kuma ba ki ce komai ba tukuna. Ba ni da abin faɗa a kan Lawal, ban san shi ba. An ce mutumin kirki ne, kuma wannan labari bai yi mini daɗi ba.

Ya ke da zuciyata ta zaɓa ba ta shawarce ni ba, kin san yadda garin nan ya koma tun da kika tafi? Kasuwa tana ci, tasha tana cika, babura suna ta kai da kawo, ni kuwa ina tsakiyarsu kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Kullum manyan motoci suna jerawa su tsallaka wajenku da hatsi, ina kallonsu ina jin haushin cewa buhu ya fi ni sa'a. In iska ta taso daga arewa sai in fito bakin shago in tsaya, har wani mai saye ya tambaye ni ko lafiya. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, manoma suna kallon sama, ni ina kallon hanya. Wa zan gaya wa? Wa zai ji labarin nan bai yi dariya ba? Ke kaɗai ce kika taɓa ganin shirmena ba ki yi ba, ke ɗin kuma na bari kina kira ina kallo.

Ni ba ni da mota, sai babur, shi ma da shi nake gwada kaya. Ina da shago mai ƙofa ɗaya, da ɗaki biyu da na fara ɗorawa a bayan gidanmu, da gonar gero a Daddara da muke nomawa ni da yayana. Ina da fushi amma ba ya kwana. Ina da taurin kai, wannan kin gani. In kin zo, keken ɗinkinki zai samu wuri kusa da taga inda haske yake, na riga na auna. Maraɗi ba nisa, duk ranar da kika yi marmarin gida ni zan kai ki da kaina, ba Manu ba. Kuma na yi miki alkawari, duk ranar da wayata ta yi ƙara da sunanki zan ɗaga, ko ina ƙarƙashin babur, ko ina fushi, ko ina tsoron abin da za ki faɗa.

Malam Dalhatu da labari ya kai masa ya ce akwai sauran magani, in shafa wata in aika, wannan karon a rubuta abin da ke ciki a bayan leda. Na yi masa godiya na ce a'a. Na gama da aike. Na daɗe ina cewa don kunyarki na ƙulla wannan dabara, alhali kunnena nake karewa kada ya ji a'a.

Saboda haka wannan wasiƙa ba direba ya kawo ta ba. Gobe Alhamis in Allah Ya kai mu zan rufe shago, in sa ta a aljihu a buɗe, duk mai kakin da ya so ya karanta, bismillah. Inna Salmatu ta kwatanta mini gidanku, bayan masallacin unguwa, ƙofa koriya, ta kuma ce in sani babu bishiya a wurin. Zan yi sallama, in ba duk wanda ya fito ya shigo miki da ita. Ke nan a daidai lokacin da idonki yake kan wannan layi, ina tsaye a ƙofar gidanku cikin farar shaddata ta Sallah, wadda ta ɗan matse ni a kafaɗa.

Kada ki aiko da alama. Kada ki aiko da ruwa in ɗauka amincewa ce, kada ki rufe taga in ɗauka ƙi ne, kin ga abin da nake yi da alama. Ki fito ko bakin zaure ne, in tambaye ki da bakina. Idan a'a ce, ki faɗa in ji, zan gode miki, in gaishe da Baba, in kama hanya, ba za ki sake ganin ƙafata a layinku ba. Idan ɗayar ce, ba sai kin ɗaga murya ba, kunnena lafiya lau yake.

Motar ƙarshe zuwa Jibiya bayan la'asar take tashi, kuma zan gaya wa ɗan kamasho kada ya ajiye mini wuri. Kada ki yi gaggawa saboda ni. Ki gama abin da kike yi, ki sake karantawa in kina so, ki yi fushin da ya rage. Ina nan waje.

Naki, yau da gobe da duk kwanakin da Allah Ya rage mini, ko kin fito ko ba ki fito ba,

Rabe